Tsohuwar waƙa, sabon sauti: Gyara ake yi mana ko ɓarna?

Bari yau in fara da tambaya: yaushe rabonka da ka saurari wata tsohuwar waƙa yadda mai ita ya bar ta? Kafin ka ce "ai ko jiya na ji," dakata ka ji abin da ya faru da ni a hutun da ya wuce.

Mahaifina tsohon direba ne, ya shekara da shekaru yana lodi a garejin Television da ke kudancin Kaduna, kuma har gobe ba shi da mawaƙi sai Alhaji Mamman Shata. Da rediyonsa mai cin kaset ta fara gardama, sai na ce bari in yi abin kai. Na ɗauki memori na nufi wurin masu tura waƙoƙi a bakin gareji. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Ɗalibi, tsohuwar kake so ko wankakkiya? Akwai ma wadda aka sa wa sabon kiɗa." Na ce ya zuba min duk abin da ke akwai.

Da yamma na jona a sifika ina jiran yabo. Ko minti ɗaya ba a yi ba Baba ya ɗaga hannu. "Kai, kashe abin nan. Muryar dai tasa ce, amma wa ya kori 'yan kalangu?" Na ce, "Baba ai gyara ta aka yi, ba ka ji ta fi fita ba?" Ya ce, "Ta fi ƙara dai."

A raina na ce rigimar tsofaffi ce kawai. To amma tunda a makaranta ana koya mana tace sauti, sai na ga bai kamata in yi musu da ka ba. Gara in gwada.

Wanki daban, sabon haɗi daban

Da farko akwai abubuwa biyu da muke cakuɗawa. Na ɗaya shi ne abin da masu situdiyo ke kira rimasta, wanda masu tura waƙa suka raɗa wa suna wanki. A nan ba a taɓa ginin waƙar. Ana ɗaukar ta yadda aka kammala ta, a rage shuuu ɗin kaset ko ƙaf-ƙaf ɗin faifan garmaho, a daidaita kauri da kaifin sauti. Kamar ka wanke tsohuwar babbar riga ne ka kai ta bugu.

Na biyu shi ne rimiks, wato sabon haɗi. Wannan kam farke rigar ake yi a sake ɗinki. Ana raba murya daban, ganga daban, jita daban, a sake auna kowanne. Wani ya tsaya nan, wani kuma ya zubar da kiɗan asali ya ɗora nasa na kwamfuta. Duka biyun suna iya yin kyau, suna kuma iya ɓata waƙa. Magana tana ga hannun da ya yi aikin da kuma abin da aka ba shi ya yi aiki a kai.

Gwajin da na yi

Na ari rediyon maƙwabcinmu da ke aiki, na juye kaset ɗin Baba a kwamfuta. Sai ya zama ina da waƙa ɗaya kala uku: ta kaset, wankakkiya, da mai sabon kiɗa.

Tun kafin in saurara, hoton sautin a fuskar kwamfuta ya ba ni labari. Ta kaset tana hawa tana sauka kamar tsaunuka da kwari. Wankakkiyar kuwa ta cika maƙil daga farko har ƙarshe, sai ka ce bulo. Ma'ana, an matse ta: inda mawaƙi ya sassauta an ɗaga, inda ya ɗaga an danne, komai ya zo kai ɗaya.

Ga sirrin da nake so ka riƙe. Idan aka kunna maka abu biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya ƙara, kunnenka zai ce maka mai ƙarar ya fi daɗi. Haka kunnen ɗan Adam yake. Saboda haka na rage ƙarar wankakkiyar har ta zo daidai da ta kaset, na sa iyafis, na rufe ido, ƙanwata tana canza min ba tare da ta faɗa min wacce ta kunna ba.

Wallahi sai labari ya sha bamban. Wankakkiyar ba ta da shuuu, gaskiya ne, amma ta tafi da wasu abubuwan. Muryoyin 'yan amshi sun koma kamar ana magana a cikin randa. Kaifin bugun kalangu ya dushe. Dalili kuwa shi ne, shuuu ɗin kaset yana zaune ne a sama-saman sauti, wuri ɗaya da kaifin ganga da fitar haruffa irin su "s" da "ts". In ka matsa wa manhaja ta share shi tas, sai ta haɗa da su.

Mai sabon kiɗan kuma matsalarta daban ce. Kalangu ba ganga ba ce mai murya ɗaya. Makaɗi na matse igiyoyinta a hammata yana sassautawa, tana hawa tana sauka kamar yadda harshen Hausa ke yi. Tana amsa wa mawaƙi, tana jiransa in ya ja numfashi. Kiɗan kwamfuta ba ya jiran kowa. Don a sa muryar ta hau kansa, an ja ta a wani wuri, an tsinke ta a wani. Ta yi daɗin rawa, ban musa ba. Amma hirar da ke tsakanin mawaƙi da makaɗansa ta mutu. Abin da Baba ya ji ke nan cikin ƙasa da minti ɗaya.

Kada kuma ka ɗauka ina cewa kaset tsarkakakke ne. Zarensa na tafiyar santimita 4.76 kacal a daƙiƙa, zafi na lalata shi, kuma yawancin waɗanda ke gidajenmu kwafi ne na kwafi. In injin da aka juye da shi ya ɗan fi gudu, har muryar mawaƙi sai ta ƙara siranta. Haka ma wayoyinmu: MP3 mai lamba 128 kusan kashi ɗaya cikin 11 ne na nauyin abin da ke kan faifan CD, kuma duk lokacin da aka sake matse shi don ya yi sauƙin turawa, wani abu na zubewa. Sau da yawa abin da ake wankewa a shago ba asali ba ne, jikan jikan asali ne.

Yadda masu abin suke yi

Wannan rigima ba tamu ba ce mu kaɗai. A ƙasashen Turawa har suna suka ba ta, wai yaƙin ƙara. A 2008 masoyan ƙungiyar Metallica ta Amurka sun yi ta ƙorafi cewa an matse kundinsu Death Magnetic har sautin yana fashewa. Yau manhajoji irin su Spotify da YouTube da kansu suke rage ƙarar waƙar da ta cika ƙara, ka ga wanda ya matse waƙarsa ya yi biyu babu.

Dubi kuma The Beatles ta Ingila. Kundinsu Revolver ya fito a 1966, an ɗauke shi a na'ura mai layi huɗu kacal, kayan kiɗa da yawa a cunkushe a layi guda. A 2022 Giles Martin, ɗan George Martin wanda ya yi musu aikin asali, ya sake haɗa shi, bayan an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin Peter Jackson an rarrabe kayan kiɗan. Wasu sun yaba, wasu sun ce na da ya fi. Amma lura da abu biyu: an rubuta ɓaro-ɓaro cewa sabon haɗi ne, sannan a babban akwatin da aka fitar an saka haɗin asali na 1966 a gefensa. Mai saye ya ji duka ya zaɓa.

Mu dawo gida. Matasan Kaduna nawa ne suka san Bala Miller, mai kulob ɗin Costain, wanda aka riƙa nuna shirinsa a NTA, ya kuma rasu a 2003? A 2001 kamfanin Strut na Landan ya fitar da tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70, ya sa waƙarsa "Ikon Allah" a ciki, tare da ta Bongos Ikwue da ta Sahara All Stars ta Jos. Ba a ɗora mata sabon kiɗa ba, ba a kori makaɗansa ba. An fito da ita da sunan mai ita, kuma ta wannan hanya mutanen da ba su taɓa taka Kaduna ba suka san shi. Wannan shi ne gyaran da ke ƙara wa waƙa kwana.

Abin da ke cikin haɗari

Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Babu wanda zai sake kiran su situdiyo. Kuma irin waƙoƙinsu galibi a zama ɗaya ake ɗauka, mawaƙi da 'yan amshi da makaɗa duk a tare. Abin da makirfo ya kama a ranar shi ke nan. Idan muka bar wankakku da masu sabon kiɗa suka cika intanet, kaset ɗin kuma suka ruɓe a ƙarƙashin gado, ƙannenmu za su tashi suna zaton haka Shata yake.

Kar ka ce ba zai yiwu ba. A 2008 gobara ta cinye wani rumbun ajiya na Universal a Amurka, faya-fayan asali masu ɗimbin yawa suka ƙone. In masu kuɗi da na'urori sun yi irin wannan asara, ina ga kwalin da ke ɗakin kakarka? Muna da Rediyon Najeriya Kaduna da ke watsa shiri tun 1962, muna da Gidan Arewa, kuma ina fatan su da jami'o'inmu za su ƙara himma wajen adana irin wannan kaya. Amma kaso mai yawa yana hannunmu ne, a gidaje da shaguna da tsofaffin motoci.

To me za ka yi? Idan kun mallaki tsohon kaset ko faifai, juye shi a kwamfuta a tsarin WAV, ba tare da ka taɓa komai ba, ka ajiye kwafi biyu a wurare daban. In za ka wanke, wanke kwafi, ka bar uwar. In kai mai haɗa kiɗa ne, yi rimiks ɗinka, fasaha ce, amma nemi izinin magada, ka kuma rubuta a jiki cewa sabon haɗi ne. In kuwa mai sauraro ne kawai kamar yawancinmu, kafin ka yanke hukunci daidaita ƙarar biyun, ka rufe ido, ka bar kunnenka ya yi alƙalanci.

Ni dai na koma na zuba wa Baba wadda na juye daga kaset ɗinsa, da shuuu ɗinta da komai. Ya saurara shiru yana kaɗa ƙafa, can ya ce, "Yawwa, yanzu suka dawo." Mai sabon kiɗan kuma tana wayata, ina jin ta in ina wanki.

Kai fa, wace tsohuwar waƙa ce ke kwance a gidanku? Duba ta yau, tun kafin zaren ya tsinke. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.