Jirgin da Ya Ƙi Bin Dama

Ranar Asabar bayan La'asar muka sa jirgin a kududdufin bayan unguwa, ni da ɗan yayata. Ɗan jirgin ruwa ne na rimot, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. Makonni biyu yana ajiye, tun da ruwa ya shiga cikinsa ya kashe sarbo, wato ɗan akwatin nan mai kamar kwalin ashana da ke juya wutsiyar jirgi. Mun sayo wani mun ɗaura, farfela na juyawa lafiya lau. Yaron ya murɗa sitiyarin rimot dama, jirgi ya yi hagu, ya shige cikin kainuwa.

"Kawu, wallahi dama na yi!"

Ban yarda ba. Duk wanda ya taɓa riƙe rimot ya san idan jirgi ya fuskanto ka, damansa ce hagunka, kuma sabon hannu a nan yake ruɗewa. Muka zaro shi da gora, na ɗora shi a kan bulo, na tsaya a bayansa na murɗa dama da kaina. Wutsiya ta yi hagu. Yaron ya yi gaskiya, sai da na ba shi haƙuri.

Da rimot ɗin lafiya yake, da magana ta ƙare a nan, don akwai ɗan maɓalli a jikinsa mai rubutun REV da aka yi domin wannan matsalar. Namu ya karye tun bara da rimot ya faɗi a kan siminti. Sai na koma kan wayoyi uku da ke fitowa daga sarbo: baƙa, ja, rawaya. Na ce ai ɗan injin batir idan ka juya masa waya baya yake yi, na cire fulogin daga risiba, wato mai karɓar saƙon rimot, na mayar da shi a juye. Sarbo ya yi shiru, ko motsi babu. Gabana ya faɗi, na ɗauka na ƙona shi. Da na mayar da fulogin yadda yake sai ya farfaɗo, ya ci gaba da taurin kansa. Daga baya na gane ja mai ɗauke da wuta a tsakiya aka sa ta, ko ka juya fulogi tana nan a wurinta, saƙo ne kawai ba ya isa.

Da daddare na kwance sukurori huɗu na ƙasan sarbo. Ga ɗan inji, ga ɗan allon lantarki, ga wayoyi biyu a tsakaninsu. Na ce yau na kama ɓarawo. Na narka dalma na musanya su, na haɗa batir. Kafin in taɓa rimot hannun sarbo ya zabura zuwa gefe guda, ya cije a can yana gunji, jikinsa na ɗaukar zafi. Na cire batir a guje. Da farko yana jin magana, baya-baya ne kawai, yanzu kuwa ya daina ji gaba ɗaya. Garin gyaran gira na rasa ido.

Washegari muka kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya ɗaga allon da tsinken sukundireba, ya nuna mini wani ɗan abu zagayayye mai ƙafa uku a ƙarƙashin giyoyin.

"Malam, ka san wannan? Boliyum ne, irin na rediyo. Ka juya wa sarbo ƙafa, ba ka juya masa ido ba."

Ya yi mana bayani yana hura ƙura. Sarbo ba da juya wuta ake ba shi umarni ba. Risiba na aiko masa da ɗan bugun lantarki kamar sau 50 a daƙiƙa, kuma tsawon bugun shi ne saƙon. Idan ka raba daƙiƙa gida 1000, bugu mai tsawon gida 1.5 yana nufin tsaya a tsakiya, gida 1 ƙarshen wannan gefe, gida 2 ƙarshen wancan. Boliyum ɗin yana juyawa tare da hannun sarbo, shi ke gaya wa allo inda hannu yake. Allo ya kwatanta inda aka ce a je da inda ake, ya tura inji ya cike giɓin. Ni kuwa na sa inji yana tafiya baya alhali boliyum na ba da labari yadda ya saba. Duk turawar da allo ya yi giɓi ƙaruwa yake, shi kuma ya ƙara turawa, har hannu ya bugi bango. Da na bar shi minti biyu, in ji shi, da giyoyin roba sun zubar da haƙora ko allo ya ƙone.

Ya cire wayoyin ƙafafun boliyum na gefe biyu ya musanya su, ta tsakiya bai taɓa ta ba. Muka haɗa batir, hannu ya dawo tsakiya ya nutsu. Dama ta zama dama.

Saura tambayar yaron: me ya sa sabon ya saɓa wa tsohon tun farko? Na ɗauko mataccen daga aljihu. Futaba ne, sabon kuma Hitec, kuma bugu iri ɗaya yakan juya sarbon waɗannan kamfanoni biyu ta fuskoki daban. Ba lalacewa ba ce ta jawo haka, kowa da al'adar gidansu.

Muna shirin tafiya dattijon ya hango 'yar leda a hannun yaron, wadda ta zo cikin kwalin sarbo. Ya zazzage ta a kan tebur, ya ɗauki wani hannun roba mai reshe biyu, ya ce da na ɗaura wannan na saƙala sandar wutsiya a ɗaya reshen, inda take turawa sai ta koma ja, ba dalma ba sukundireba. Yaron ya dube ni, ya dubi ƙunar da ƙarfen dalma ya bar mini a ɗan yatsa, ya kau da kai yana danne dariya. Na biya dattijo kuɗinsa, muka wuce kududdufi.