Harajin Tashi Daga Ingila Ya Haura Fam 100

Ɗan kasuwar da ya sayi tikitin zuwa Landan da dawowa ba safai yakan duba abin da aka tara a cikin kuɗin ba. Kaso mai tsoka daga ciki ba na kamfanin jirgi ba ne, na gwamnatoci ne.

A watan Nuwamba na 1994 ne gwamnatin Biritaniya ta soma karɓar haraji a kan kowane fasinja da ya tashi daga filayen jiragen samanta, a zamanin Ministan Kuɗi Kenneth Clarke. A lokacin fam 5 ne ga masu zuwa ƙasashen Turai, fam 10 ga masu tafiya nesa. A 1997 aka ninka shi. Daga baya aka koma auna shi da nisan da ke tsakanin Landan da babban birnin ƙasar da za a sauka, inda Nijeriya ta faɗa ajin mil 2,001 zuwa 5,500. Daga Afrilun 2025 mai ƙaramar kujera a wannan aji fam 90 ya biya, aka kuma ƙayyade fam 102 daga Afrilun 2026. Mai babbar kujera kuwa fam 244. Kamfanin jirgi ne ke biyan gwamnati, amma a kan fasinja yake fanshewa. An dai ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 16 da ke ƙaramar kujera.

A gida ma ba ta sake zani ba. A 2020 Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama ta Tarayya ta ninka kuɗin hidimar fasinja mai fita waje daga dala 50 zuwa dala 100, ban da kashi 5 cikin ɗari na kuɗin tikiti da hukumar sufurin sama ke cira. Ga mai fataucin da ke tashi sau da yawa a shekara, wannan kuɗi kan farashin kaya yake komawa.

Holan ta taɓa gwadawa a 2008, fasinjoji suka riƙa tsallakawa Jamus da Beljiyam suna hawa jirgi, ta soke harajin a 2009, ko da yake ta dawo da shi a 2021. A Disamban 2024 kuma shugabannin ECOWAS sun amince a Abuja cewa daga Janairun 2026 za a rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin ɗari. Aiwatarwa tana hannun kowace ƙasa, kuma ba kowace baitulmali ce ke son rabuwa da dala ba.