LAYIN WAYA NA HAYA: YADDA A KE HAƊA SHI DA AUNA AIKINSA

Jawabin kimiyya na yau a kan layin waya na haya ne, da wata dabarar aika saƙo a kansa wadda a ke kira firem rile.

Ma'aikata mai rassa da yawa, kamar banki, tana bukatar kwamfutocin rassanta su riƙa magana da babban ofis dare da rana. A dā sai ta yi hayar layi sukutum daga kamfanin tarho zuwa kowane reshe, abin kuwa da tsada ƙwarai, ga shi kuma galibi layin zaune ya ke ba aiki. Don maganin wannan ne kwamitin duniya mai tsara ƙa'idodin tarho da tangarahu, watau CCITT, ya shata firem rile a 1988. A 1990 kamfanoni huɗu, Cisco da DEC da Northern Telecom da StrataCom, suka haɗa kai suka ƙara mata gyara, sa'an nan ta bazu cikin duniya.

Ga yadda dabarar ta ke. Kowane ofis ya kan yi hayar gajeren layi ɗaya tak zuwa tashar kamfanin waya mafi kusa. Daga nan kuwa manyan layukan kamfanin na tarayya ne, kowa da kowa na bi. A kan yayyanka saƙo ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da lambar hanyar da zai bi a goshinsa.

Abu uku injiniya ya kan daidaita ran da za a kunna layin. Na fari lambar hanya, wadda a ke kira DLCI. Lambobin daga 0 zuwa 1023 su ke, amma an keɓe waɗansu don aikin tashar kanta. Lambar nan ba ta da ma'ana sai a kan layin ofis ɗin kaɗai, watau hanya guda tana iya zama 102 a wannan gefe, ta zama 201 a wancan.

Na biyu gaisuwar da ke tsakanin na'urar ofis da tasha, sunanta LMI. Bisa al'ada, kowace daƙiƙa 10 na'urar ta kan tambayi tasha ko lafiya, a tambaya ta shida kuma ta nemi cikakken labarin hanyoyinta duka. Gaisuwar iri uku ce. In ofis ya ɗauki wani iri, tasha ta ɗauki wani, sai layin ya faɗi, alhali kuwa wayar lafiya lau ta ke.

Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne alkawarin gudu, watau CIR. A kan auna gudun layi da yawan bit, watau ƙwayoyin saƙo, da ke wucewa cikin daƙiƙa guda. Misali, layi yana iya ɗaukar bit 128,000, amma abin da kamfanin waya ya yi alkawari 64,000 ne kurum. Kamar ɗan kasuwa ne da ya biya kuɗin buhu goma a mota. In da wuri, direba ya kan karɓi ƙarin buhuna, amma sai ya shafa musu alama. In mota ta yi nauyi, masu alamar nan za a fara saukewa. Haka tasha ta kan sa wa ƙunshin da ya haura alkawari alamar DE, in hanya ta cushe ta zubar da shi, ba ta kuwa gaya wa kowa. Sake aikawa aikin kwamfutocin da ke bakin layi ne.

To, tun da tasha ba ta kawo ƙara, dole injiniya ya duba da kansa. Ya kan fara da halin hanya: ko tana aiki, ko ɗaya gefen ya yi shiru, ko kuwa tasha ba ta san lambar ba sam. Sa'an nan ya duba ƙidayar na'urar. Ƙunshi mai alamar FECN yana shaida wa mai karɓa cewa an gamu da cunkoso a hanya, mai alamar BECN kuwa yana gargaɗin mai aikawa ya sassauta. In alamar DE ta yawaita, ofis ne ya zarce abin da ya biya, sai ya rage gudu ko ya ƙara kuɗi. In kuwa ƙunshi na ɓacewa alhali ba a kai alkawari ba, kamfanin waya ne ya gaza, ƙidayar nan kuma ita ce shaida. In ƙunshi na isowa a lalace, a binciki wayar kanta.

Tun daga shekarun 2000 wata dabara mai suna MPLS da layukan intanet masu sauri suka maye gurbin firem rile, yau da wuya a same ta. Amma mai hayar layi har yanzu tambayarsa biyu ce: nawa layin ke iya ɗauka, nawa kuma aka yi masa alkawari a rubuce? Wanda bai auna ba, ba zai san ko ya sami abin da ya biya ba.

Nan jawabin ya ƙare.