Gasar Neman Taska a Talabijin: Yadda Aka Buga Ta a Duwatsun Shere

Gulder Ultimate Search gasa ce ta talabijin da aka gina a kan tafiya da neman ɓoyayyar taska. Kamfanin Nigerian Breweries, mai yin giyar Gulder, shi ya fara ta a 2004 don tallata hajarsa. Ba a cikin ɗakin shirye-shirye ake buga ta ba. Daga 2004 zuwa 2014, kowace shekara sai a kwashi 'yan gasa a kai su wani daji ko tsauni a wani sashe na Najeriya. An fara da tsibirin Snake Island a Legas, aka je tsaunukan Obudu na jihar Kuros Riba a 2005, sai dajin NIFOR kusa da Benin a 2006. A 2007 aka sauka a duwatsun Shere, kimanin kilomita 10 gabas da Taminus, cibiyar garin Jos.

Wasan yana farawa ne da tantancewa. Matasa maza da mata sukan yi rajista, a gwada su a gudu da iyo, likitoci kuma su duba lafiyarsu, har a tace 'yan kaɗan. Kowane zango yana da tatsuniyarsa game da wani abu mai daraja da ya ɓace tun zamanin kakanni, kuma dattawan da ke cikin labarin su ne ake cewa sun aiko a nemo shi.

Da an isa sansani, an yi sallama da jin daɗin gida. 'Yan gasa su ke kafa bukka, su yi itace, su hura wuta, su dafa ɗan abincin da aka auna musu. Daga nan sai ayyukan gwaji, wani lokaci a rukuni, wani lokaci kowa tasa ta fisshe shi: hawan dutse da igiya, tsallake ruwa, ɗaukar kaya mai nauyi, ko harhaɗa guntayen alamu har su ba da ma'ana. Ƙarfi kaɗai ba ya isa. Wanda ya riga kowa kai wa saman dutse yana iya tsayawa cak a gaban kacici-kacici, na bayansa ya zo ya wuce shi.

Bayan gwaji akan taru a wurin da ake kira dandalin kalangu, inda mai gabatarwa yake bitar abin da kowa ya yi, ya yaba wa mai ƙwazo, ya sallami wanda ya gaza. Haka ake ta raguwa har a bar 'yan ƙalilan. Su ne ake miƙa wa alamun ƙarshe, su bazama suna auna taku suna tono. Wanda ya fara ɗora hannu a kan taskar shi ne gwarzo, ya tafi da kyautar miliyoyin naira. A zangon Jos, Dominic Mudabai ne ya yi nasara.

Wurin da aka zaɓa shi ke tsara irin wahalar da za a sha. A Shere, inda ƙololuwa ta haura mita 1,800, manyan duwatsu da sanyin dare su ne abokan karawa. Daman a can Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci take da makarantarta ta hawan dutse. Ta hanyar gasar, mai kallo a Fatakwal ko Sakkwato ya ga yanayin ƙasar Filato daga ɗakinsa.

A nan gasar ta bambanta da The Amazing Race ta Amurka, wadda aka fara a 2001, inda 'yan gasa bibbiyu ke tsere daga ƙasa zuwa ƙasa. Ta Najeriya wuri guda take yada zango, sai shekara ta zagayo ta canza. An dakatar da ita bayan zangon Aguleri na jihar Anambra a 2014, aka dawo da ita a 2021.