Cuku a gaban duwan: lambar da aka ba shi, da ƙasashen da ba a shiga da shi

Jama'a masu sauraro na Sanam da kewaye, da ƴan uwanmu da ke bida a ƙasashen waje, yau maganarmu a kan cuku take. Duk wanda zai koma wurin aikinsa bayan ya ga gida, da wuya a sallame shi ba a sa masa cuku da kilishi cikin jaka ba. Sai dai abin da muke ɗauka tsaraba, ma'aikacin duwan kaya yake ganinsa, kuma kowane kaya da lambarsa da dokarsa.

Bari mu fara da lambar. Tun 1988 ƙasashen duniya ke aiki da tsari guda na jera kayayyaki, wanda Ƙungiyar Duwan ta Duniya mai mazauni a Burusel ke kula da shi. A cikinsa duk wani cuku yana ƙarƙashin lamba 0406. Daga nan sai a raba: ɗanye wanda bai kwana biyu ba 0406.10, wanda aka niƙa ko aka goge 0406.20, wanda aka narka aka sake haɗawa, irin mai hoton saniya da ake sayarwa a kanti, 0406.30, mai jijiyoyi shuɗɗa a ciki 0406.40, sauran kuma duka 0406.90.

Ku lura, waɗannan lambobi shida ba su tambayi ko nonon saniya ne, ko na akuya, ko na tunkiya ba. Yadda aka sarrafa cukun suke dubawa. Shi ya sa Roquefort na Faransa, da nonon tumaki ake yin sa, amma saboda shuɗin cikinsa yana 0406.40. Manchego na Sipaniya da Pecorino na Italiya, su ma na tumaki ne da ake ajiyewa watanni su yi tauri, suna 0406.90, gida ɗaya da busasshen cukunmu da matan Buzaye da na Fulani ke shanyawa a kan tabarma. Wasu ƙasashe, kamar Amurka, suna ƙara lambobi a gaba don ware na tumaki daban.

Me ya sa lambar ke da muhimmanci? Don ita ke faɗin kuɗin fito. Tun watan Janairun 2015 yankinmu ke aiki da jadawali mai hawa biyar: sifiri, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Cukun da ya fito daga Turai yana biyan 20 cikin ɗari, ban da harajin TVA na 19 cikin ɗari da sauran ƙananan kuɗaɗe. Garin madara na manyan buhuna kuwa 5 kawai yake biya. To kun ji dalilin da ya sa cukun Turawa ke da tsada a Yamai, alhali garin madara na kasa nonon shanunmu a kasuwa, duk da irin shanun Azawak da muke da su tun daga Tukunus har Abala. Ɗan kasuwar da ya rubuta lambar da ba ita ba don ya rage kuɗi, in an gano, tara ce ke jiransa, wani lokaci har a riƙe kayan.

Yanzu ga mai fita da namu. Tsakanin ƙasashen UEMOA, irin su Burkina Faso, Mali, Togo da Kodebuwa, amfanin gona da na kiwo da aka samar cikin yankin ba ya biyan kuɗin fito. Najeriya da Gana ba sa cikin UEMOA. Nijar ta fita daga CEDEAO ran 29 ga Janairun 2025, amma a lokacin ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar kayan ƙasashen AES bisa tsarin da har sai an yanke wata shawara. Rashin kuɗin fito kuma bai ɗauke takardar lafiya ba. Mai kai cuku da yawa don sayarwa ya nemi takardar likitan dabbobi tun kafin ya hau mota.

Inda ƴan uwa suka fi yin asara shi ne Turai. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga ƙasashe irin namu shiga da nama, nono, ko abin da aka yi da su, ko da ɗan kaɗan ne na ci. Haka in ta gidan waya aka aika. Sassaucin da aka yi na madarar jarirai ne, ƙasa da kilo 2. Ingila ma haka dokarta take. Ba wai sun raina abincinmu ba ne, cutar boru suke gudu, wadda ke kama baki da kofaton dabbobi, don tana iya bin nama da nono ta shiga garkensu. Cukun da aka kama a filin jirgi lalata shi ake yi, kuma ana iya cin mai shi tara.

Amurka ta fi sauƙi ga cuku mai tauri wanda ba a haɗa da nama ba, amma da sharaɗi: dole ka faɗa cewa kana ɗauke da abinci, jami'in da ke wurin ya duba, shi ke da maganar ƙarshe. Wanda ya ɓoye aka gani, shi ake ci tara.

Saboda haka, iyayenmu mata, kafin ku sayar da akuya ku sayi cukun tsaraba, ku tambayi yaron inda jirginsa zai sauka. In Abijan ne ko Lome, a naɗe masa da kyau, Allah ya kiyaye hanya. In Faransa ne ko Italiya, ya ci rabonsa da shayi nan gida, a ba shi addu'a ya tafi.