Yadda magidanta a Kumbotso ke rage kuɗin cefane

Ƙaramar hukumar Kumbotso tana gefen kudu na birnin Kano ne, kuma daga Na'ibawa zuwa garin Kura tafiyar kimanin kilomita 30 ce a kan hanyar Zariya. A nan ne ake noma kaso mai yawa na shinkafa da tumatir da albasa da ake ci a birnin. Duk da wannan kusanci, magidanci a Panshekara ko Mariri kan sayi kayan miya da tsada kamar wanda ke nesa da gona.

Yankin Kura da Bunkure da Garun Malam yana shan ruwa ne daga madatsar Tiga, wadda aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da hanyoyin ruwan, waɗanda ke ba manoma damar yin noma rani da damina.

Wannan tsari ne ke yanka wa kasuwa lokaci. Tumatirin rani kan cika kasuwar Kwanar Gafan daga watan Janairu zuwa Maris, har farashin kwando ya faɗi warwas. Da zafi ya tsananta, sannan damina ta sauka, sai ya yi ƙaranci, kuɗinsa ya ninka sau da dama. An ƙiyasta cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Najeriya kan lalace kafin ya kai tukunya. Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 an yi fatan za ta rage wannan asara, to amma ta sha tsayawa da aiki.

Don haka babbar dabarar da iyalai suka daɗe da ita ita ce saye a lokacin araha. Ana yanka tumatir a shanya shi ya zama kauda, ko a markaɗa a tafasa a zuba a kwalabe. Haka ake busar da tattasai da attarugu da kuɓewa. Gidan da ya yi wannan tanadi a watan Fabrairu ba ya jin zafin watan Yuni sosai. An ga amfanin hakan a 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa.

Matsalar mai awon kullum

To sai dai wannan dabara tana buƙatar kuɗi a dunƙule, kuma a nan gizo ke saƙar. Leburan da ake biya kullum, ko ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 71 da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024, da wuya ya iya sayen buhu. Yakan auni kwano, wani lokaci ma gwangwani, a shagon unguwa. Kafin shinkafar ta iso hannunsa ta bi ta wajen mai casa da dillali da mai mota da ɗan sari, kowa da ribarsa. Wato wanda ya fi kowa rashi shi ne ya fi kowa sayen abinci da tsada.

Hanyar da wasu ke bi ita ce haɗa hannu. Maƙwabta ko abokan aiki su tara kuɗi su sayi buhu a Kura ko a kasuwar hatsi ta Dawanau, su raba da kwano. Mata kuma kan tsara adashi yadda kwasarsa za ta zo daidai da kaka. Wajibi ne dai a saka kuɗin mota cikin lissafi, domin tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa kasuwa mai nisa saboda kwano biyu ba riba ba ne.

Ajiya ma tana da nata haɗarin. Wake kan yi ƙwari, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan zuba masa maganin ƙwari mai guba. Buhunan PICS masu ruɓi uku, waɗanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, suna kashe ƙwarin ta hanyar hana iska shiga, ba tare da magani ba.

Sannan farashi ba kullum yake hawa ba. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa; a shekarar ce masu gurasa a Kano suka yi zanga-zanga kan tsadar fulawa, wasu iyalai kuma suka koma cin shinkafar afafata. Bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu nau'o'in hatsi na wani lokaci, farashi ya sauka a 2025, kuma waɗanda suka tara kaya da tsada suka yi asara.

Cin abinci a waje

Ga dubban ma'aikatan masana'antun Challawa da direbobi da 'yan dako, cin abinci a waje larura ce, domin sukan fita da asuba su dawo bayan magariba. Abin da ya canza shi ne abin da ake saye: garau-garau da ɗanwake da awara sun maye gurbin shinkafa da miya da nama a wajen mutane da yawa, wasu kuma sun koma riƙo abinci daga gida a kula.

Lissafin ya danganta da yawan bakuna. Gwauro da zai sayi gawayi ko gas da mai da kayan miya don cikinsa kaɗai, sau da yawa sayen kwano ɗaya a wajen mai abinci ya fi masa sauƙi. Mai iyali shida ko bakwai kuwa, kuɗin da zai kashe shi kaɗai a kan shayi da burodi da ƙwai da safe na iya auno garin masarar da gidan duka zai yi tuwon dare da shi.