Dagwalon Majema: Asarar da Ke Bin Kwata

Fatar jan akuya da ake saye a kasuwannin Shinkafi da Ƙauran Namoda da Zurmi takan yi doguwar tafiya. Da yawa daga cikinta tana ƙarewa ne a manyan majemun Kano da ke Chalawa da Sharaɗa da Bompai, daga can kuma ta tsallaka Italiya ko Sifaniya.

Majemin gargajiya da bagaruwa yake jima. Masana'antun zamani kuwa gishirin kiromiyam suke amfani da shi, domin ya fi sauri ƙwarai. To, amma fata ba ta shanye kiromiyam ɗin duka. Kusan kashi ɗaya bisa uku yakan rage cikin ruwan jima, kuma inda ba a kula ba, sai ya bi kwata tare da gishiri da toka da gashi ya gangara Kogin Chalawa ko Jakara, inda manoman rani ke ɗibar ruwan ban kayan lambu. Abin da mai masana'anta ya kamata ya tuna shi ne, wannan sinadari da kuɗin waje ya sayo shi. Wato kullum yana zubar da dukiyarsa ke nan.

Maganin wannan asara shi ne tsarin kula da muhalli, wanda hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar da ƙa'idarsa mai lamba ISO 14001 a shekarar 1996. Tsarin ba na'ura ba ne, ɗabi'ar aiki ce. Kamfani zai auna abin da ya shigo masana'anta da abin da ya fita, ya rubuta, ya ɗora wa wani ma'aikaci alhakin kowane mataki, sannan ya riƙa dubawa yana gyara.

Da zarar an fara awo, hanyar gyara takan bayyana. Idan aka tara ruwan jima a kwarami daban aka zuba masa garin maganiziyam, kiromiyam zai kwanta a ƙasa kamar laka. Sai a tsiyaye ruwan sama, a narkar da lakar da asid, a mayar da ita cikin gangar jima. Kuɗin sayen sinadari ya ragu, dafin da ke shiga kogi ma ya ragu.

Har ila yau akwai batun kasuwa. Manyan kamfanonin takalma da jakunkuna na Turai kan nemi shaidar yadda majema ke sarrafa dagwalonta kafin su ƙulla ciniki. A gida kuma, hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ikon garƙame masana'antar da ta karya doka. Ranar da aka rufe majema a Kano, dillalin fata na Shinkafi ma sai ya ji a jikinsa.